Ganyen da Baba Tsoho Ya Hana a Share

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana Malam Adamu, wanda mutanen unguwarmu Yindiski, a Potiskum, suka fi sani da Adamu Mai Zarto, mu kuwa a gida Baba Tsoho muke ce masa. Ina aji shida na firamare ya rasu, yanzu ina aji biyar na sakandare. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, ko a aji ma ba na cikin masu ɗaga hannu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a cikin itatuwan da ya dasa a bayan gidanmu saura maɗaci ɗaya, shi ma bana aka fara maganar sare shi. Tun da aka fara maganar nake ta tuna mai dashen, har na ga ya fi in rubuta.

Baba Tsoho ba mai raya itace ba ne tun asali, mai kayar da su ne. Yana saurayi ya bi wata motar katako daga Potiskum, bai tsaya ba sai cikin duwatsun kudancin Taraba, can wajen iyakar Kamaru. Nan ya yi ƙarfinsa yana yankan katako, da farko da dogon zarto irin wanda mutum biyu suke ja, ɗaya a sama ɗaya a cikin rami, daga baya da inji. Yakan zo gida da salla ya koma. Da ya dawo gaba ɗaya, tun kafin babana ya yi aure, ya dawo da ciwon baya, da kunne ɗaya da ƙarar inji ta kashe, da 'ya'yan itatuwa a ƙulle cikin tsumma, da wani buhu mai nauyi. Inna, wato kakata, ta ce ita ta ɗauka doya ce. Da ta kwance ta ga baƙar ƙasa, sai da ta nemi wuri ta zauna.

Labarin dajin nan kusan kullum sai ya ba da shi bayan la'asar. Sauran jikoki sun gaji da shi, da ya fara sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Ni nakan zauna, ba don na fi su hankali ba, sai don a wurinsa ne kaɗai ba a tambayata me ya sa ba na magana. Ya ce dajin hawa-hawa ne kamar bene. Manyan itatuwa, su loko da maɗacin kurmi, suna can sama, sai hularka ta faɗi kafin ka ga inda rassansu suka fara. A ƙarƙashinsu akwai matsakaita masu jure inuwa, a ƙarƙashin waɗannan kuma ƙananan tsirrai, da masu yaɗo da suke nannaɗe jikin kowa. Da safe gajimare yakan sauko ya zauna a kan dutsen, ganye ya yi ta ɗiga ko ba a yi ruwa ba. Rana ba ta taɓa ƙasa sai inda wata babbar bishiya ta faɗi. A nan, in ji shi, ƙananan da suka yi shekaru suna jira a inuwa suke tashi gaba ɗaya, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa kai wa ga haske. Ba mai shuka a dajin sai birai da jemagu da tsuntsaye, su ci a nan su kai iri can. Daga gefe, inda dajin ya fara buɗewa, nan kawo da maje suke.

Abin da ya fi maimaitawa shi ne maganar ƙasa. Ya ce duk wanda ya ga girman itatuwan zai ɗauka ƙasar wurin ta fi kowace ƙasa ƙarfi, alhali in ka tona, baƙar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ƙarƙashinta ja ce mai tsakuwa. Abincin dajin duk yana sama, a cikin ganyen da ya zuba yana ruɓewa. Itace ya zubar, gara da tsutsa da ƙananan ƙwari su ci, ƙasa ta karɓa, saiwa ta mayar wa itacen. Akwai wani gangare da suka kayar da manyansa duka, manoma suka biyo bayansu suka sa wuta. Ƙoramar da suke sha a gindin gangaren, wadda ba a taɓa ganin ta ƙafe ba, da damina ta koma ja kamar ruwan kwaɓin ƙasa, da rani ta tsaya. Ba ya faɗin wannan da muryar wa'azi. Kamar labarin hanya yake ba da shi. "Mu muka yi," yake cewa, sai ya ci gaba da feƙe ƙotar fartanyarsa.

A filin bayan gida ya gwada irin da ya zo da shi. Kowane rami sai ya zuba masa tafi ɗaya na baƙar ƙasar nan. Loko duk sun mutu tun ranin farko. Zafin Potiskum ba nasu ba ne, shi ma ya yarda ya yi ganganci. Maɗaci biyu suka kama, da kawo, da maje. Maɗaci ba baƙo ba ne a ƙasarmu, amma kawo da maje har tsofaffin unguwa sukan leƙo kallo. Ya karkata indararon ɗakinsa ya riƙa zuba a wurin, ya zagaye filin da ƙaya saboda awaki, alwalarsa kuma duk a gindinsu yake yi. Sannan ya kafa doka ɗaya, wadda ta zame wa gidanmu abin magana har ya bar duniya: ba a share ganyen da ya zuba a wurin.

A unguwarmu kafin rana ta ɗaga an share tsakar gida da ƙofar gida, har zanen tsintsiya ya fito a ƙasa. Inna kuwa ko a cikin masu shara ta yi suna. Sai ga shi a bayan ɗakinta akwai wurin da ganye ya taru har yana rufe idon sawu. Ƙawarta Ya Gana, da take zuwa daga Dogo Tebo, ba ta taɓa zuwa ta tafi ba tare da ta taɓo maganar ba.

"Hajara, jujin mijinki ya ƙara albarka. Yaushe macijin gidan zai yi suna mu zo biki?"

Inna takan juya wajen Baba Tsoho, ta ɗaga murya saitin kunnensa mai ji. "Malam, ka ji ko? A gari ni ake zagi, ba kai ba."

"Ta wannan kunnen kika faɗa? Ai ya mutu," yake cewa, alhali kowa ya san ɗayan ne matacce.

Maciji dai ban taɓa gani ba. Kunama kam an gani, shi ya sa ba ya barina in shiga ba takalmi. Yakan ba ni ɗan kara in ɗaga ganyen in duba. Na sama busasshe ne, yana karyewa. Na ƙarƙashinsa ya yi laushi ya manne da juna. Na can ƙasa kuwa ba za ka ce ganye ba ne, ya koma baƙin gari mai sanyi ko a tsakiyar bazara, da ƙanshi irin na ruwan farko. Akwai wasu fararen zare sirara kamar saƙar gizo-gizo da suka ratsa shi, suna kama ƙananan saiwoyi. Ya ce dominsu ya ɗauko buhun, su ne suke kai wa saiwa abinci, kuma rana tana taɓa su suke mutuwa. Sai ya sa in mayar da ganyen yadda na same shi. A wurin na san 'ya'yan kawo, baƙaƙe masu jar hula, da cilakowa take zuwa nema. Na san ƙwallon maɗaci da yake tsagewa ya saki 'ya'ya falan-falan iska ta kwashe. Na san sabon ganyen maje ja-ja yake fitowa kafin ya yi kore. Daminar ƙarshe da ya gani, ƙananan tsiron maɗaci suka ɓullo da kansu a cikin ganyen. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu, duk da bayansa.

"Malama Shiru," ya ce, haka yake kirana, "waɗannan ba ni na shuka ba. Wurin ya fara aikin kansa."

Da rani ya rasu, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya, da hantsi. An kai shi kafin azahar. Mutane suka cika gida, zaure ya kasa, ƙofar gida kuma rana ce tsagwaronta. Inuwa ta gaske a gidan ita ce ta itatuwansa. Ban san wanda ya fara cewa a shimfiɗa tabarmi a can ba. Abin da na gani shi ne an janye ƙayar, mata sun shiga da tsintsiya. Inna tana cikin ɗaki, amma ita aka tambaya, ta ce a share. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Baƙi za su zo daga Yerimaram da ƙauyuka, har da tsofaffin abokan aikinsa daga nesa, ba za a zaunar da su a kan shara a ce nan ne gidan Malam Adamu ba. Aka kwashe ganyen shekara da shekaru a kwanduna, aka kai bayan katanga aka sa masa wuta. Na sama ya ci, na ƙasa mai danshi ya ƙi, ya yi ta hayaƙi har aka yi sadakar uku. Tsiron maɗacin nan sun bi tsintsiya. Masu ta'aziyya suna ta yabon inuwar, suna cewa Allah ya sa ta zame masa sadaka mai gudana.

Daga ranar wurin ya shiga cikin wuraren shara. Inna ta ci gaba da share shi kowace safiya, ta ce nan yake zama, ba za ta bar masa wuri da datti ba. Ƙayar ba a mayar ba. Baffa, yayan babana, wanda gidan ya koma hannunsa, ya riƙa ɗaure raguna a gindin majen. Abokansa suka mai da wurin majalisa. Da aka yi wa ɗakin Baba Tsoho sabon rufi, indararon ya koma kallon lungu. Ƙasar ta yi fari, ta daddage kamar daɓe, in an yi ruwa gudu yake a kanta ya fita waje. Masu ciwon ciki, waɗanda a da suke jin nauyin Baba Tsoho, yanzu sai su yi sallama su ɓare ɓawon maɗaci, kuma ba a hana mai neman magani. Kawo ne ya fara mutuwa. Ya zubar da ganye da rani kamar yadda ya saba, bai sake fitarwa ba. Maje ya bi shi, ya bushe daga sama zuwa ƙasa. Ƙaramin maɗacin an ɓare shi a zagaye, ya mutu a tsaye. Ba zan ce shara ce kaɗai ta kashe su ba, ba ni da wannan ilimin. Na dai san daga ita aka fara.

Wani lokaci ina hanyar makaranta ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Gonakin bayan Yindiski, inda yake zuwa saro ƙaya, da yawa sun zama gidaje. Buhunan gawayi suna jere a bakin titi, motoci suna sauke wasu. Ba na jin zai yi faɗa. Mutumin da ya ci abinci da zarto ba zai zagi mai gawayi ba, ya san abin da yake kai mutum daji. Ina jin zai ɗauki guda ɗaya ya karya, ya duba cikinsa, ya ce wannan kirya ce, kuma ta girmi wanda ya sare ta. Zai ji daɗin ganin ana dashen itace a makarantu da damina, sannan ya tambaya wa zai leƙa su da rani. A makarantarmu ma mun dasa. Kowace safiya mu ne muke share gindinsu tas, don haka aka san tsafta. Da zai gani, ina jin kai kawai zai girgiza, ya ce aƙalla an dasa.

Bana, kafin damina, wani babban reshen maɗacin da ya rage ya bushe, wanda ya miƙa kan ɗakin maƙwabta. Maƙwabcin ya yi wa Baffa magana cikin mutunci, don yaransa a ɗakin suke kwana. Baffa ya kawo mai inji ya duba. Mutumin ya bubbuga gindin, ya ce itacen yana kan hanya, a kayar da shi tun katakonsa yana da amfani. Maganar Baffa gaskiya ce. Iskar farkon damina a Potiskum ba ta wasa, in reshe ya faɗa kan yaran mutane ba abin da za mu ce musu. Aka tsayar da cewa bayan Juma'a za a zo a sare.

Ni ba ni da bakin magana a gaban Baffa, ko gaishe shi zan yi sai na shirya. Inna na samu da safe tana shara a wurin. Na tsuguna na gaishe ta, na kasa tashi.

"Ke kuma lafiya? Kin zauna min a kan shara."

Na ce akwai abin da nake so ta gani. Tsakanin gindin maɗacin da katanga an jingine wani tsohon turmi da ya fashe, a bayansa akwai ɗan lungun da tsintsiya ba ta shiga. Iska tana tura ganye can. Na daɗe da sanin wurin. Muka matsar da turmin, na ɗaga ganyen. Ƙasan baƙi ne mai sanyi, fararen zaren suna nan, sababbin saiwoyi sun cunkushe a ɗan wurin da bai fi faifai ba. Inna ta sunkuya da ƙyar, ta ɗebi kaɗan ta shinshina. Sannan ta taka zuwa tsakiyar filin, ta buga ƙasa da gindin tsintsiya. Ƙarar kamar an bugi siminti.

"A da duk filin nan haka yake?" ta tambaye ni.

Na ce haka yake. Ashe duk shekarun nan ba ta taɓa ɗaga ganyen ba, samansa kawai take gani.

Ta sake duban lungun. Can ta ce, "Ni na ɗauka taurin kai ne irin na mutanen da suka daɗe a daji. Kullum in na share nan, cewa nake hidima nake yi masa."

Na tsuguna na mayar da ganyen yadda na same shi.

Da Baffa ya shigo gaishe ta, ta aike ni ɗebo ruwa, amma randar ba ta da nisa, ina jin su. Ta ce masa a sare reshen da ya bushe, yau ma in ana so, amma gindin a bar shi ya ga damina ɗaya.

"Inna, mai injin nan ya duba fa. Ya ce ba zai yi ba."

"Mai inji yanka ya sani. Ubanka ma da yanka ya fara. Ka kwashe ragunanka, ka ce wa abokanka su nemi wata inuwar. In damina ta wuce bai sake ganye ba, ni zan aika a kira shi."

"Masu neman ɓawo fa? Ni zan hana mara lafiya?"

"Ka turo min su."

Baffa ya ce to, ba da son ransa ba. Ya sa sharaɗi cewa in wani reshen ya sake bushewa ba zai jira ƙarshen damina ba. Inna ta amince.

An sare reshen. Babana ya je can nesa ya saro ƙaya, ya kuma juyo da indararon. Ganyen maɗaci ɗaya ba zai rufe filin ba, sai Inna ta ce sharar tsakar gida, ganyen darbejiya da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi, a daina kai su juji, a zuba a can. Aikina shi ne tsince leda. Ranar da Ya Gana ta zo ta tarar da haka, tsayawa ta yi riƙe da ƙugu.

"Hajara, ashe ciwon nan daga miji yake kama mata?"

"Ya kama ni. In za ki dawo ki zo min da sharar gidanki, ban da leda."

Ta yi dariya, ta ce ita ba ta yi haukan da za ta shiga napep da buhun shara ba. Zuwanta na gaba da buhun ta zo. Ta ce wa direban ganyen magani ne.

Yanzu damina ta yi nisa. Ruwa ya fara tsayawa a wurin maimakon gudu. Maɗacin ya fitar da sabon ganye ta gabas, ta yamma har yanzu ba komai, raunukan jikinsa kuma ba su rufe ba. Baffa yakan zo ya ɗaga kai ya duba, ya tafi. Ban sani ba ko zai rayu. Abin da aka tara tun kafin a haife ni aka kwashe a yini guda, ba na jin damina ɗaya za ta mayar da shi.

In za a auna, Baba Tsoho ya kayar da itatuwan da ba su ƙirguwa, ya dasa 'yan kaɗan, a cikin kaɗan ɗin ma saura ɗaya mai ciwo. Ƙofofin da aka yi da katakonsa suna gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba. Dajin da yake ba da labari ban taɓa gani ba, ban ma san ko yana nan yadda ya bar shi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa inuwar da yake ciki ta fi wadda ya bari. Abin da na tabbata ya rage nasa shi ne abin da nake gani kowace safiya kafin in tafi makaranta. Inna tana share tsakar gida tas kamar yadda ta saba, har bakin ƙayar. A nan take tsayawa. Ganye yana zube a gabanta, wani ma yana faɗowa tana kallo, ina ganin yatsunta suna motsi a kan tsintsiyar kamar za ta share shi. Sai ta ajiye tsintsiyar, ta goya hannuwanta a baya, ta juya.